Fijo 504 da anka gyara tana kakkarwa tana mutuwa, kafireto ne ko wani abu?

Wa alaikumus salam ƙanena. Da farko Allah shi jiƙan Baba shi kai haske kabarinshi, kuma ka kyauta da ba ka bari anka yanka motar nan anka auna ta a kilo ba. Na karanta bayaninka, 504 ce mai injin lita 2 da ta daɗe aje cikin gida, ka sa anka sabke inji anka yi mashi aiki, anka yi fenti da kujeru, amma yanzu in ta tsaya a silo, wato inji na aiki ba a taka totur ba, sai kakkarwa, in ka maida cok ciki ta mutu, in ka taka totur sai ta shaƙe kamin ta ɗauka, in ko ta yi zafi ka kashe ta minti goma to tashinta sai an yi da gaske kuma in ta tashi sai baƙin hayaƙi da warin fetur. Kanikawa biyu sun buɗe kafireto sun wanke ba ta canza ba, yanzu an ce ka sayi sabo.

Kar ka saya tukuna. Kuma don Allah ka hana kowa sake murɗa sukurorin jikin kafireton nan har sai an bi abin da zan gaya ma, don duk murɗin da anka yi kan injin da ke da wata cuta daban ƙara ɓata lissahi ɗai yake yi.

Abin da ka lissafo ma ba ciwo ɗaya ba ne, biyu ne kuma suna gaba da juna. Aikin kafireto damu ne irin na mai fura, ya haɗa iska da fetur daidai, kamar kilo 14.7 na iska kan kilo 1 na mai, in damun ya tsinke matsala in ya yi kauri matsala. Motar da ba ta zama sai da cok tana gaya ma iska ta yi mata yawa ko mai ya yi mata kaɗan, tunda babban aikin cok toshe iska ne. Ita ko wadda ke ƙin tashi da zafi tana baƙin hayaƙi mai ne ya yi mata yawa. To ka ga sukuru guda ba ya maganin duka biyun, in ka buɗe shi ka ƙara ma ɗaya ciwo in ka ɗaure ka ƙara ma ɗayan, shi ya sa masu wanki sunka yi ta zagaye wuri guda.

Ka fara da fulogi don shi ba ya ƙarya. Ka ɗan zaga da motar, ko zuwa Dange ka dawo, ka kashe ka bari ta huce ka hidda su huɗun ka jera kan kwali yadda suke cikin inji, kar a cuɗanya. A 504 fulogan suna can cikin dogayen bututu a kan inji, ka leƙa da tocila ko baƙin mai ya taru cikin ramin, don in robar bakin bututun ta mutu mai na zuba ya kwanta nan wuta ta riƙa tserewa. In duk huɗun baƙi ne mai ƙura busasshe kamar gawayi, mai ya yi yawa. In fari fat ne mai ya yi kaɗan. Ruwan ƙasa shi ne lahiya. Amma babban abin da nike so ka lura, in guda ɗai ko biyu sunka bambanta da sauran to cire kafireto cikin zargi, don shi ke ba su huɗun abinci daga tukunya guda ba ya zaɓen silinda. Nan sai a nemi wayar fulogi ko bawul ko ringi. Tazarar bakin fulogi milimita 0.6, a auna da fila geji, siraran ƙarahunan auna tazara, ba da ido ba.

Sannan bawul, kuma nan ne nike da babban zato tunda ka ce sabon aiki ne. Injin nan kanshi alminiyam ne jikinshi ƙarfe, bayan an ɗaura sabon gasket aka yi tahiya kamar kilomita 1000 akan sake ɗaure notocin kai sannan a sake saita bawul, don gasket na kwantawa tazara ta canza. Da yawa cikin yaran yanzu ba su san da wannan ba don motocin da sunka koyi aiki da su ba a saita masu bawul da hannu. Ana saitawa inji na sanyi ƙalau, wato ya kwana bai tashi ba, tazarar na shigar mai milimita 0.10 ta na fitar hayaƙi 0.25. Bawul ɗin da anka matse ba ya ruhewa duka in inji ya yi zafi, sai kakkarwa a silo da harbi ta salansa, in anka daɗe haka ya ƙone. Wasu da gangan suke matsewa wai don inji shi yi shiru mai mota shi ji daɗi, ni ko na hi son in ji ɗan tak tak ɗin. In akwai ma'aunin kwamfireshan a gwada huɗun, abin dubawa shi ne su zo kusa da juna, wanda ya faɗi ƙasa da sauran sosai shi ne mai laihi.

Wani abu da ke ruɗa wanda bai saba da Fijo ba, silinda ta 1 tana can baya wajen kuloc ne ba gaba wajen lagireto ba. Jerin wuta 1-3-4-2. A tabbata wayoyin kan dilko, wato mai rarraba ma fulogai wuta, sun bi haka.

Shi dilkon a buɗe hularshi. Tazarar kwantak milimita 0.40 lokacin da ya buɗe iyakarshi. A dubi fuskar kwantak ɗin, in gefe guda ya yi rami ɗayan ya yi tsini to kwandensa ta gaji, a canza su tare. Ka kama sandar tsakiya ka girgiza hagu da dama, in tana wasa to duk saitin da anka yi banza ne don tazarar canzawa take yi tana juyawa. Ka murɗa rota da hannu, ya kamata ya ɗan tahi ya dawo da kanshi, in ya ƙage to ƙarahunan da ke ƙasa masu ƙara taimin, wato lokacin da fulogi ke ba da wuta, sun yi tsatsa, abin da ke yawan samun motar da ta shekara da shekaru aje. Sai ɗan ƙoƙon da ke gefen dilko mai siririn tiyo zuwa kafireto, ka cire tiyon ka tsotsa da baki ka ga farantin kwantak ya motsa, in iska ke ta zuwa ba iyaka to fatar ciki ta huje, kuma wagga huda guda na jawo abu biyu, taimin ba ya ƙaruwa sannan iska na shiga inji ta ɓarauniyar hanya. Taimin kuma a sa shi da fitilar taimin bayan an gama saita kwantak, ba kamin ba, don taɓa kwantak na gusar da taimin. Saita shi da kunne ana juya dilko har inji shi yi ƙara mai daɗi yakan kai shi gaba fiye da kima, sai ka ji tana ƙwanƙwasa in ka hau tudu da giya babba.

Koyil ma ka taɓa shi bayan tahiya, ɗumi ba komi amma in ba ka iya aza hannu, kuma wutar da ke tsalle ja ce mai rauni maimakon shuɗiya mai ƙara, to yana cikin masu hana ta tashi da zafi.

In wuta da bawul sun tabbata, sai a koma neman inda iska ke sata, wanda shi nike ganin ya sa ba ta zama sai da cok. Ka tada ta ta yi zafi, ka samu gwangwanin feshin wanke kafireto ka riƙa fesa kaɗan kaɗan gindin kafireto, da inda manifol, bututun da ke kai mai da iska daga kafireto zuwa inji, ya haɗu da kan inji, da bakin kowane tiyo. Inda ka fesa ka ji muryar inji ta canza nan ne ƙofar. A yi shi a fili ba cikin rumfa ba, da abin kashe wuta kusa, kuma ba mai sigari a wurin. Babban tiyon da ke zuwa sabo (servo) na birki, ƙoƙon da ke sa taka birki shi yi sauƙi, ka matse shi da filaya ka saurara, in kakkarwar ta ragu to ko tiyon ya tsage ko sabon kanshi ke shan iska, alamarshi kuma in ka taka birki a tsaye sai silo ya canza. Robobin da sunka sha ranar Sakkwato shekara da shekaru daga waje lahiya lau, sai ka lanƙwasa ka ga tsaga. Duk tiyon da ba a canza ba lokacin aikin a canza shi, kuɗinshi bai kai na fentin ƙofa guda ba.

Gindin kafireton kanshi yakan lanƙwashe don ƙarfen mai taushi ne kuma kowa ya zo sai ya ɗaure notoci iya ƙarhinshi. In anka cire shi a aza kan gilashi a leƙa da haske, in haske na wucewa ta tsakiya a shimfiɗa samfefa mai laushi kan gilashin a goga a hankali har shi daidaita. A sa gasket na gaske, ba kwalin sabulu ba kuma ba gam ba, gam in ya haɗu da fetur narkewa yake ya bi ramuka ya toshe. Sai sandar totur, ka kama ta ka ɗaga sama da ƙasa, in tana ƙwal ƙwal to ramin ya cinye iska na bi nan, kuma silo ba zai taɓa zama wuri guda ba, yau sama gobe ƙasa. Maganinshi a kai ma mai injin sassaƙa ƙarfe shi sa mata bushi, wanki ko sau nawa ne ba ya cike rami.

Yanzu tanki. Ina tambaya, da anka yi wagga hidima duka an sabke tankin an wanke? Mafi yawa ba a yi, don ba a ganinshi. Tankin da ya zauna da ragowar mai yana yin tsatsa daga ciki, tsohon fetur kuma ya bushe ya zama danƙo, ka zuba sabon mai ya jiƙa su su taho. Sai a wanke kafireto mota ta yi kyau kwana biyu ta koma, a sake wankewa. Ka cire tiyo bayan famfon mai ka sa cikin kwalba fara a tada, ka aje kwalbar ta natsu ka duba ƙasanta, jan gari tsatsa ce, in ko ka ga wani abu ya kwanta ƙasa ya rabu da man to ruwa ne. A sabke tanki a wanke, a hura bututun ƙarhe da iska, a sa tace mai farar roba wadda ake ganin cikinta kamin famfo. Kuma ka rage sayen man galan bakin hanya, ba don kowa mugu ne ba, jarka da mazurari cikin ƙurar hunturu ba su zama da tsabta.

Famfon mai na 504 na jikin inji ne mai fata ciki, ƙarhinshi kaɗan ne, bai wuce kamar 0.2 zuwa 0.3 na ba (bar, ma'aunin ƙarhin turi) ba. Ka duba ko ba a maye shi da na lantarki ba. In na motar injekta anka sa, wanda ke tura wajen ba 3, to ka gama gano mai cika maka kafireto, don ɗan allurar da ke tsaida mai ba ta iya tare wannan ƙarhi. In kuma na asalin ne ka zaro sandar auna baƙin mai ka sunsuna, warin fetur ko man ya ƙaru da kanshi na nuna fatar famfo ta huje fetur na sauka cikin inji, wannan kar ka ƙara tada ta sai an canza famfo da baƙin man duka, in ba haka ba sabon aikin da ka biya zai tahi.

To sai yanzu munka iso kafireton. Yawancin 504 Solex ne, wasu maƙogwaro guda wasu biyu, akwai kuma masu Zenith. A buɗe shi kan tire mai tsabta ba kan ƙasa ba, a ɗauki hoto da waya kamin a cire komi. Mai maƙogwaro biyu jet ɗin, wato ɗan tagulla mai rami da mai ke bi, na gefen farko da na biyu kamarsu ɗaya amma lambarsu daban, in anka musanya su mota ba ta ƙara daidai, kuma tunda hannu biyu sun riga sun shiga ciki wannan abin dubawa ne. Lambar da ke jikin jet ɗin Solex faɗin raminshi ne, 50 na nuhin rabin milimita, ka ga ramin da ko ƙwayar yashi guda ta isa ta toshe shi. Wannan ƙaramin shi ne silo jet, shi ke riƙe da mota a tsaye da kuma farkon taka totur. Abin da ba ni yahewa shi ne a tsokane shi da waya ko allura, tagulla ce tana cinyewa, ramin shi buɗe shi ke nan mota ta koma shan mai har abada. A jiƙa shi a hura da iska a ɗaga a hangi rana ta ciki. Kuma ba jet ɗin ɗai ba, siraran hanyoyin cikin jikin kafireton nan ne danƙo ke maƙewa, a fesa ta kowane rami a tabbata ya hito ta ɗayan bakin. Wanki da fetur cikin kwano da burushi waje ɗai yake wankewa. In naka yana da ɗan abin lantarki mai waya guda a kan silo jet, ka buɗe makulli ka cire wayar ka maida ka ji ƙas, in ba ya yi to shi ya ruhe hanyar mai.

Shaƙewar da take yi in ka taka, ga gwajin da kai da kanka za ka yi. Inji a kashe, cire tukunyar iska, wato mai tace iskar da ke shiga kafireto, leƙa cikin maƙogwaro ka ja totur da hannu. Ya kamata ka ga siririn mai ya tsarto da ƙarhi nan take kuma a miƙe. In ɗiga yake ko sai ka ja rabi kamin ya zo, to fatar ɗan famfon da ke gefen kafireto ta bushe ko bakin bututun ya toshe. Fatar na cikin kayan gyara da ake saidawa a ƙunshi.

Cikar mai kuma daga fulot ne, ɗan abin da ke iyo kan mai cikin kwanon kafireto, da allurarshi. Ka hiddo fulot ka girgiza kusa da kunne, in ka ji ruwa ciki ya huje ya yi nauyi, ko ka tsoma shi cikin ruwan zahi ka ga kumfa na hita. Allurar ka hura da baki ka danna ɗan tsinken da yatsa, iska ta tsaya cak. A Solex kaurin wanshar da ke ƙarƙashin allura shi ke saita tsawon mai cikin kwano, in wani ya yar da ita ko ya sa wata daban to lissahin ya tashi. Bayan an haɗa, ka yi tahiya ka kashe ka leƙa cikin maƙogwaro na ɗan lokaci, in mai na ɗiga ciki da kanshi ga dalilin ƙin tashinta nan.

Amma akwai wanda ba laihin kowa ba ne sai yanayi. A watan Afrilu da Mayu nan garin zahi na wuce digiri 40 a inuwa, ka kashe mota fanka ta tsaya iska ta tsaya, zahin inji ya hau kafireto man cikin kwano ya tafasa ya malala cikin manifol. Akwai wani kauri mai hana zahi da ke zama tsakanin kafireto da manifol, a duba ko masu aiki ba su yar da shi ba don sun ɗauka gasket ne ya yi yawa. A kuma janye tiyon mai daga jikin duk abin da ke zahi. Yadda ake tada ta in ta yi haka, cok ciki, ka taka totur a hankali har ƙasa sau ɗaya ka riƙe, ka yi ta ba ta ki har ta kama. Famfa totur da mutane ke yi ƙara mata mai ne kan wanda ya shaƙe ta. In ko kan tahiya take yankewa cikin rana kamar mai ya ƙare, ka jiƙa tsumma ka aza kan famfon mai, in ta dawo to mai ne ke zama tururi cikin bututu.

Tukunyar iska kar a raina ta. Da yawa cikin 504 ɗin da anka haɗa a Kaduna, inda kamfanin Fijo ya fara aiki a 1975, da masu zuwa ƙasashenmu gaba ɗaya, suna da irin mai baƙin mai a ƙasa don ƙura, kuma ita ta hi dacewa da mu. A wanke ragar a zuba mai daidai layin da anka yi alama, in ya wuce inji zai riƙa zuƙa. Masu cire ta su bar kafireto baki buɗe wai mota ta sha iska, hazo guda ya isa ya cinye masu ringi.

Saitin ƙarshe ba wuya in sauran sun daidaita. A ɗaure sukurun haɗi, mai saita damun iska da mai, a hankali da yatsa biyu har ya taɓa, kar a matsa don tsininshi na lalacewa, in ma ka ga an riga an yi mashi zobe a tsinin a canza shi. A warware kamar zagaye biyu don farawa. Inji shi yi zahi sosai, cok ciki, tukunyar iska a kai, a sa gudun silo wajen juyi 850 a minti, sannan a riƙa juya sukurun haɗi kwata kwata ana jira ana saurare har inda inji ya hi sauri da santsi, a dawo da gudun da sukurun gudun silo, a maimaita. In kana juya sukurun haɗi inji bai ko kula ba, hanyar silo na toshe har yanzu ko iska na sata wani wuri, a koma baya.

Zancen sabo kuma, waɗanda ke cikin kwali a kasuwa yanzu akasari kwaikwayo ne, zubin bai kai na da ba kuma jet ɗin ciki ba lalle su dace da injinka ba, sai ka saya ka dawo kana neman mai saitawa. Tsohon Solex in jikinshi bai tsage ba kuma zaren notocinshi na nan, ƙunshin kayan gyara da bushi sun ishe shi. Ko dole ta sa ka sayi wani, ka aje naka kar ka bar ma gareji. Ka turo man hoton fulogan nan a jere da lambar da ke kan ɗan ƙarhen da ke maƙale jikin kafireton, ka kuma gaya man ko an sabke tanki da irin famfon da ke kai, sai in gaya ma inda za a fara sa sifana.